Daminar da Na Yi Noman Turanci

Ranar sunan 'yar Sani ina kishingiɗe a zaure, kuna tsammanin barci ya ɗauke ni, na ji ɗaya daga cikinku yana gaya wa baƙi wai da ba don mahaifiyarku ta kafe ba, da ni babban ma'aikacin gwamnati ne, da ku ma a birni aka haife ku. Ban tanka ba, don ba a gyara wa mutum zance a gaban baƙinsa. Amma maganar ta tsaya mini a rai, ga shi kuma mahaifiyar taku Hansatu ba ta raye balle ta kare kanta. Saboda haka ga yadda abin ya faru, daga bakin wanda aka yi da shi. Wanda ya ga kamar son raina na faɗa, ya je ya tambayi Rabi, ita ce babbarku, kuma da wayonta aka yi.

Da rani na dawo daga yaƙin Bama, can ƙetaren teku, da akwatin ƙarfe, da bargo, da igiyar kofur a hannun riga, da keken da na saya a Kano a kan hanya. Aka yi guɗa, aka yanka rago, amma mako bai zagayo ba na fara jin garinmu Yasore ta yi mini kaɗan. In na zauna a zaure sai ƙafata ta riƙa rawa ita kaɗai. In na shiga ɗaki sai in ji kamar rufin yana saukowa. Nakan tashi in ce zan duba gona, alhali ko yayyafi ba a yi ba, in zagaya ta, in wuce ta, sai in tsinci kaina a hanyar Ruma ban san abin da zan yi can ba. Yayana Sale, wanda ke riƙe da gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, ya ce iska na kwaso a ƙasar mutane, ya sa aka yi mini rubutu. Na sha, don ba na gardama da rubutu, amma ƙafar ba ta daina ba. Bakina ma ya canja ban sani ba. Kawo ruwa, ɗauke wannan, zo nan, iyakar maganata ke nan a cikin gida. Rabi, wadda na bari a ciki na dawo na tarar tana gudu, in ta ji muryata sai ta shige bayan rumbu.

Mahaifiyarku 'yar Batsari ce, ɗiyar Baba Mani mahauci. Lokacin da labarina ya ɓace a yaƙi, uban ya so ya kai maganar gaban alƙali a raba auren, ita ce ta ƙi. Ta zauna a gidanmu tana daka, tana ɗiban ruwa, tana renon Rabi, duk wanda ya shigo garin da kaki sai ta leƙa. Mace ce mai ƙarancin magana, amma in ta yi guda ɗaya sai ka kwana kana juya ta. Wata safiya ina fitar da keke ta tare ni a bakin ƙofa.

"Kofur, ina kuma za a yau?"

"Nan kusa."

"Wancan karon ma nan kusa ka ce, ka dawo ka iske ɗiyarka ta iya tankaɗe. Bari in gaya maka tun muna ganin mutuncin juna. Na yi jira guda, na tsakani da Allah. In ka sake bari na cikin gidan ga ka tafi, kada ka wahal da kanka wajen cigiya. Ina Batsari gidan ubana, kuma babu biko."

Na san ba barazana take yi ba. Na kuma san ba ni da abin da ya fi ta a duniya, ko da yake a lokacin bakina bai iya faɗin irin wannan ba. Na ce na ji, na hau keke na tafi.

A Yasore kowa ya yarda na iya Turanci, ni ma na yarda. Yara kan bi ni su ce in yi musu, in daka musu tsawa da shi su watse suna dariya. Da na ji ana cewa tsofaffin sojan da suka iya Turanci suna samun aiki, sai ran kasuwar Batsari na nufi makarantar elemantare, wurin malaminta, Malam Yusufu, wani siririn saurayi ɗan birnin Katsina wanda na girma nesa ba kusa ba. Nufina ya ji ni, ya shaida, in an zo neman mutum ya ambace ni. Bayan mun gaisa na gyara tsayuwa na zuba masa duk abin da na sani: kam hiya, sidon, birin wata, shatap, da sauransu, ban tsaya ba sai da numfashina ya ƙare. Bai yi dariya ba. Ya dai ce in faɗa masa da Turanci cewa matata tana tuƙa tuwo. Na kasa. Ya ce to in ce jiya na je Ruma. Na ce, "Go Ruma."

"Wa zai je Ruma?" in ji shi. "Ni ka aika?"

"Ni na je mana, jiya."

"To ina kai a cikin maganar? Kofur, kada ka ji haushi. Turancinka babu mutum a ciki, aiki ne kawai. A harshen Turawa duk maganar da ta fara da aiki umarni ce. Shekarun nan da ka yi tare da su ba hira suke yi da kai ba."

Na ji haushi kuwa, har ban yi masa sallama ba. A kan hanyar gida na shiga tono duk wata maganar Turanci da aka taɓa yi mini, tun daga barikin horo har cikin jirgin ruwa, ina neman guda ɗaya wadda ba umarni ba ce. Ban samu ba. Akwai wani hafsa Bature da na goya a bayana na haye kogi da shi, jini na zuba a ƙafarsa, harsashi na wucewa ta kanmu. Na daɗe ina ba da labarin nan ina cewa mun zama kamar 'yan'uwa. Da na tuna abin da yake faɗa mini a kunne ranar, ashe cewa yake in yi sauri. Na sauka daga keke na zauna a gindin wata bedi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma a wurin na ƙudura cewa sai na iya irin Turancin da za a zauna da ni a tambaye ni in ba da amsa, ko da sau ɗaya ne kafin in mutu.

Washegari na koma wurin Malam Yusufu. An ba shi wata gona a bayan makaranta, shi kuwa ko riƙon fartanya bai iya ba, sai muka shirya: ni in nome masa, shi ya koya mini. Ku da kuka tashi bayan an raba gandu sai na yi muku bayani. A lokacin duk mazan gida gona ɗaya muke nomawa a ƙarƙashin Yaya Sale, ita ce gandu, daga ita ake ci. Ranar Juma'a da ranar kasuwa kuwa na mutum ne, ya je ya yi aikin gayaunarsa, wato 'yar gonarsa ta kansa, wadda daga ita yake yi wa matarsa zane da sauran buƙatu. Waɗannan ranakun nawa na kwasa na kai wa malamin boko. Na shuka gero a gayaunata da ruwan farko, na juya mata baya.

Malam Yusufu ba da littafi ya fara mini ba. Sakaina ya sa yara suka tara masa, ya rubuta kalma ɗaya a kan kowace da tawada, in na kai ƙarshen kunya na miƙe bayana, sai in tarar ya zube su a ƙasa ya ce in jera. Da ya ga kaina ya ɗaure sai ya ce in ɗauka fareti ne: mai aiki shi ke tsayawa a gaba, aikin a bayansa, wanda aka yi wa aikin a bayan wannan, sannan wuri, sannan lokaci ya rufe layi. Nan take na gane, don jera mutane ai sana'ata ce. Na ce masa ai mu ma haka muke yi, Audu ya yanka rago, ba rago ya yanka Audu ba. Ya ce haka ne, da ma ba Hausata ce ta lalace ba. Amma hannuna ya saba, ina ɗaukar sakaina sai in ga na tura aiki gaba na bar mutum a baya, shi kuwa ya ɗan buge mini yatsu da sillen kara. Ni da na yi wa ƙarti tsawa a fagen yaƙi, ga yaro yana bugun hannuna ina cewa na gode.

Inda na fi shan wuya shi ne wurin ƙananan kalmomin nan masu taimakon aiki. Mu in za mu ce za ka zo, za ce a gaba, ka na biye. Na ɗauka haka ne ko'ina, sai na jera wil yu kam, na ce ga shi, na ce masa zai zo. Malam ya ce a'a, yanzu tambayarsa na yi ko zai zo. In ina son in faɗa ne, sai mutum ya koma gaba, yu wil kam. Na tsaya ina kallon sakainun nan. Ba a ƙara kowa ba, ba a rage kowa ba, ƙaramin cikinsu ne kawai ya taka gaba, magana ta tashi daga faɗa ta koma tambaya. Abin ya shiga raina har ya zama mini kamar ciwo. A kan keke tambaya nake, a gandu tambaya nake. Na tambayi jakin Yaya Sale ko zai sha ruwa, na tambayi kunyoyi ko sun gaji, ina cikin cin tuwo sai a ji bakina yana motsi. Mutanen Yasore suka samu abin yi. In na wuce majalisa sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Sannu da aiki, Kofur! Bana dami nawa na Turanci za a ɗaure?"

Ban damu da su ba, sai ranar da surukina ya kira ni. Hanyar makarantar ta gaban tukubarsa take bi, kullum nakan sauka in durƙusa in gaishe shi in wuce. Ran nan bayan maimai, wato noma na biyu, da muka gama gaisuwa, ya tambayi Yaya Sale da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sai ya ci gaba da juya tsire bai sallame ni ba.

"Isiya, an ce mani gonar malamin boko ta fi ta kowa kyau bana."

"Ana dai taɓawa, Baba."

"Madalla. Taka fa? Jiya wani ya biyo ta wajen, ya ce ya ga mace da ciki duƙe tana tuge ƙuduji. Na ce mashi ba ɗiyata ba ce, don ɗiyata na da miji."

Ban iya ɗaga kai ba. Cikinka ne, Sani, ya fara fitowa a lokacin. Ban san tana zuwa gayaunar ba, don ba ta faɗa mini ba, ni kuma ban taɓa tambayar inda take yini ba. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Daga ranar na riƙa sammako in nome kunyoyi kaɗan a gayauna kafin a fita gandu, amma ban daina zuwa Batsari ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban iya dainawa ba. In ina gonar Malam hankalina na kan Hansatu, in ina gida hankalina na kan sakaina, na rame, barcina ya zama rabi da rabi. Ita kuwa ba ta sake yi mini maganar ba, sai dai in na shigo ta dubi ƙafata kafin ta dubi fuskata.

Ana cikin yankan gero Malam Yusufu ya ce mini Baturen daji ya sauka a barikin Safana, yana neman helma, wato shugaban lebura, mai jin Turanci, kuma ya riga ya aika masa da sunana. Na wanke tsohon kakina, na goge da dutsen guga na aro. Hansatu na kallo, na ce mata Safana zan je in dawo, ban ƙara ba. Na yi sammako, na sha yashi, rana ta ɗaga na isa.

Baturen dattijo ne mai jan wuya, yana zaune a baranda a kan kujerar naɗi. Na ƙame na sara masa. Ya nuna mini benci, kuma maimakon tsawar da na saba ji, sai na ji ƙaramar kalmar nan a gaba: tambayata yake ko zan zauna. Na zauna. Ya tambaye ni inda na yi yaƙi, ya tambaye ni itatuwan da na sani a dajin Ruma da amfanin kowanne, ya tambaye ni ko na taɓa riƙe mutane. Kafin kowace amsa sai in jera sakaina a cikin kaina, in duba kowa na wurinsa, sannan in buɗe baki. Na yi kuskure, sau ɗaya har ya yi dariya, amma ba ta raini ba ce, kuma duk lokacin da na tsaya neman kalma yakan jira ni. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan hantsin ba. Daga nan ya yi mini bayanin aikin. Za a yanki daji a ƙasar Gwari, can kudu, aikin shekaru ne, ni zan riƙe lebura in tsaya tsakaninsu da shi. Ya ce akwai sansani, masu aure suna zuwa da matansu a yi musu bukkoki. Motarsu za ta tashi gobe da azahar. Sannan ya tambaye ni ko ina so.

Ina so mana, kamar raina. Amma sai Hansatu ta faɗo mini. Na ce a raina, macen da ba ta taɓa wuce Ruma ba, wadda kowace kasuwa sai ta je ta ga uwarta, ga ciki, ina ita ina ƙasar Gwari? Ba za ta je ba. In kuwa na tafi ni kaɗai, na san abin da ta ce. A nan kan bencin na yanke mata hukunci na yanke wa kaina, kamar yadda na saba yi wa 'yan sashena a soja. Na jera maganata tsaf, ni a gaba, aiki a bayana, ita a ƙarshe, na ce masa ba zan iya barin matata ba. Ban taɓa gina magana mai kyawun wannan ba, kuma da ita na ƙi aikin. Ya ce akwai wani mutumin Tsaskiya da ke jira, amma ni ya fi so, in na sake shawara mota tana nan har azahar ɗin gobe.

Na hau keke ina jin kaina wani babban mutum. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa mata, ina ganin yadda za ta yi murna, wataƙila har ta aika wa ubanta ya ji irin mijin da take aure. Rana ta yi ja na iso, na same ta a gayauna ita da Rabi suna tara zangarniya. Na jingine keke, na kwashe labari duka na faɗa mata, har da zaman benci. Ta saurara ba ta daina aiki ba, sai da na kai ƙarshe ta miƙe ta dafa ƙugu.

"Ka ce masu aure na tafiya da matansu?"

"Haka ya ce."

"Kai kuma ka ce mashi mi?"

"Na ce ba zan bar ki ba."

"Wa ya ce ka bar ni? Ba ni da ƙafa ne?" Ta jefar da zangarniyar da ke hannunta. "Damina guda kana yawo kana tambaya da bakin Nasara. Jaki ka tambaya, kunya ka tambaya, ni ce dai ba ka tambaya ba. Kana tsammani kai kaɗai gidan ga ya yi wa kaɗan? Babu bangon da ban jingina da shi ba ina jiranka, babu ƙofar da ban leƙa ba. Na tsani ganinsu, Kofur. Da ka ce mani in taso, da na riga ka ɗaure kaya."

Shekara da shekaru ina auren matar nan, ban san ita ma ƙafarta na rawa ba. Da hankalina ya dawo na ce ai ba a makara ba, da asuba zan hau keke, kafin rana ta take na isa Safana na karɓi aikin, in mun sauka an yi mini bukka sai in aiko a kawo su.

"Ka aiko?" ta ce. "Haka anka ce mani wancan karon. Ƙafata ƙafarka, ko kuwa ka tafi ka dawo ka iske ba ni."

Da asuba bayan salla na fito da keke, ita kuma ta fito da ƙunshinta a ka, Rabi na riƙe da zanenta. Yaya Sale da ya ji abin da ake ciki ya ce mini, "Kai, hau ka tafi mana! Wane irin sakarci ne wanga? In an kwana biyu ni da kaina zan kawo maka su bisa jaki." Gaskiya ya faɗa, kuma na san lissafin hanya fiye da shi. A keke ina da lokaci har da saura. A ƙasa, da mace mai tsohon ciki da yarinya, sai dai wani ikon Allah. Ɗaukarta a keke kuwa ba zai yiwu ba a cikin yashin nan da halin da take ciki. Na riƙe ƙahon keken, ƙafata ɗaya har ta hau feda. Hansatu ba ta roƙe ni ba, ba ta kuma yi mini gori ba, tana dai tsaye tana kallona irin kallon da ta yi mini ranar da aka kwashe mu soja. Na sauke ƙafata. Na karɓi ƙunshin daga kanta na ɗaure a bayan keke, na ɗaga Rabi na ɗora a kan sirdi, na ce wa Yaya Sale ga gero nan amana, na fara turawa.

Tafiyar nan ba zan manta da ita ba. Ita ce a gaba, hannu ɗaya a ƙugu, tana taka yashi ba ta waiwaya. Ni ina baya ina tura keke, idona na kan rana, ina ganin tana hawa kamar da gayya. Duk jikina so yake ya ruga. Rabi da ta ga ba na tsawa sai ta saki jiki, ta riƙe wuyan rigata, tana tambayata sunan kowane tsuntsu. Da hantsi ya yi zafi Hansatu ta zauna a gindin wata tsamiya, ƙafafunta sun kumbura, numfashinta na fita da ƙyar. Na ba ta ruwa a gora, na kasa zama, ina kai da kawowa a kan hanya.

"Hau ka tafi in kana so," ta ce. "Har yanzu ka iya cim masu."

Na dubi keken, na dubi hanya, na san gaskiya ne. Na je na zauna kusa da ita a kan saiwar tsamiyar, na danne gwiwata da hannu don ta daina rawa, har ta huta ta ce mu tashi.

Azahar ta same mu a wani ɗan ƙauye da sauran tafiya mai yawa. Na yi alwala a bakin rijiyarsu, na yi salla, ina sallamewa na san an tafi. Na ce mata mu juya. Ta ce Safana muka ce za mu, kuma wa ya sani ko motar ta ƙi tashi. Muka ci gaba, ita da sa ranta, ni da sanin abin da zan tarar.

Rana ta kusa faɗuwa muka isa barikin. Babu kujera a baranda, babu tanti, sai toka a murhu da sawun taya a ƙasa. Mai gadin wurin, wani tsoho, ya gane ni. Ya ce Bature ya ƙara jira bayan azahar, yana fitowa yana duban hanyar Batsari, daga baya ya ce wa mutumin Tsaskiya ya hau. Na yi masa godiya. Abin mamaki, ban ji abin da na zaci zan ji ba, gajiya kawai na ji, na sauke Rabi na zauna a bakin barandar.

Hansatu ce ta tambayi tsohon wace hanya motar ta bi. Ya nuna mata kudu. Ta bi sawun tayar a hankali da kumburarrun ƙafafunta, ta wuce shingen barikin, ta kai wajen wata kuka da ke bakin hanya, ta tsaya. Na ɗauka wurin alwala take nema. Ta daɗe a tsaye tana kallon inda hanyar ta shige daji, sannan ta juyo. Da ta matso na ga fuskarta jiƙe. Duk shekarun yaƙi an ce mini ba wanda ya ga hawayenta, ni ma ban taɓa gani ba sai ranar.

"An ce can ƙasar akwai duwatsu masu tsawo, da ruwa mai gudu har da rani," ta ce. "Gaskiya ne?"

Na ce gaskiya ne, na gani ta tagar jirgin ƙasa.

Ta gyaɗa kai, ta share fuska da bakin mayafi, ta ce in nemo mana inda za mu kwana, gobe mu koma, gero na can yashe. Mun koma, mun ɗaure geron, ta haifi Sani, ta haifi sauranku, mun yi zamanmu a Yasore har Allah ya karɓi abarsa. Gindin kukar nan ta Safana shi ne wuri mafi nisa da mahaifiyarku ta taɓa takawa a duniya.